Maganin Maruƙa a Jinin Wannes

Direban motar madara ne ya tsince shi da sanyin safiya, a gindin tudun Zavelbeke, inda hanyar duwatsu take lanƙwasa ta bi gefen gonakin dankali. Keken ya fara hangowa yashe a ciyawa. Da ya sauko ya leƙa lambatu sai ga mutum cikin taɓo, jikinsa na ta kyarma, leɓɓansa sun yi fari fat. Bai buƙaci a faɗa masa ko wane ne ba. Hoton Wannes Dierick yana manne a shagon burodi, yana mashaya, yana ƙofar ɗakin taron coci. An daɗe ƙauyen bai fitar da ɗan tseren keke da ake nunawa a talabijin ba sai shi.

Kafin rana ta raba, asibiti ya kira 'yan sanda. Zuciyar matashin tana gudu kamar za ta faso ƙirji, sai da suka sa shi barci da magani. A jininsa kuma sun sami wani tsohon magani da ake ɗura wa maruƙa don su yi tsoka, wanda aka daɗe da haramtawa. Yawansa, in ji likita, ko ɗan maraƙin aka ba sai ya ji jiki.

Sufeto Leontien Braem aka tura. Ta tsufa a wannan aiki na bin sawun masu ba 'yan tsere maganin ƙara kuzari, gwiwoyinta sun gaji, zuciyarta ta fi su gajiya. Ta ajiye mota a kan tudu ta gangaro da ƙafa cikin yayyafi, idonta a gefen hanya inda laka take riƙe sawu. Daga can sama sawun tayar ya fara layi kamar na mashayi. Kusa da wani shinge ta ga inda ya sauka, takalmansa sun nutse, ya yi amai. Sa'an nan ya sake hawa ya ci gaba da gangarawa. Babu sawun mota, babu alamar ya taɓa birki.

Ta tsaya tana kallon wurin, ruwa na ɗiga daga hularta. Wanda ya san abin da ya sha, in jikinsa ya yi masa haka, gida yake juyawa ya ɓuya. Wannan bai juya ba. Kuma babu ɗan tsere mai hankali da zai taɓa wannan magani a yau, gwajin fitsari mafi araha ma yana kama shi. Ba da saninsa ya sha ba, wani ne ya ba shi.

* * *

Tana tura ƙofar mashayar ƙauyen hira ta mutu. Tsofaffi ne jere gaban kofunan giya, rigunan tsere na dā rataye a saman kawunansu, hayaƙin shekaru ya rine su.

"Ah, ga gwamnati," in ji wani mai jan hanci. "Sufeto, kin zo da kwalbar taki? Ni ma fitsari ya matse ni, sai ki auna."

Aka yi dariya, ba mai daɗi ba. Leontien ta ja kujera ta ce a ba ta kofi.

"Naka ba sai an auna ba, Baba, daga nan nake jin sakamakon. Wa ke da haushin Wannes a garin nan?"

"Haushi? Yaron da muka saya wa keken farko?"

"Nama ya ci," in ji wani daga kusurwa. "Naman waje da ake shigowa da shi. Kowa ya san abin da suke ba shanunsu."

"Sai dai in saniya guda ya cinye," in ji Leontien.

Mai mashayar ta dire mata kofin har ya fantsala. "Kun kashe mana tseren dā, kun mai da kowane zakara ɓarawo, yanzu yaro na kwance tsakanin rai da mutuwa kin zo ki ƙarasa shi. Ba wanda zai gaya miki komai a nan."

"Wa ke da wannan maganin a yankin?"

Mai jan hanci ya ɗaga kafaɗa. "Shiga kowane tsohon garke daga nan har iyakar Faransa, ki duba bayan buhunan dusa. In kama mutane za ki yi a kan wannan, sai ki zo da jirgin ƙasa."

Wannan kam gaskiya ya faɗa, ta sani. Ta shanye kofin da ɗacinsa ta fita. Ba ta kai mota ba ta ji hira ta farfaɗo a bayanta.

* * *

Gust Roelandt, shugaban ƙungiyar da Wannes yake yi wa tsere, ya tarbe ta a rumbun da suke ajiye kekuna da motoci. Tsohon ɗan tsere ne da ya yi tumbi, fuskarsa kullum kamar mai shirin ɗaukar hoto. Sun daɗe da sanin juna. Ta sha bincika motocinsa, ba ta taɓa samun abin da ya wuce maganin mura ba.

"Leontien! Har yanzu ba ki yi ritaya ba? Kin rame."

"Kai ne ka cinye rabona. Me kuke ba yaron?"

"Taliya, barci da addu'a." Ya dafa ƙirji. "Haba, ki dube ni. Ko a zamanin jahilci, da muke shan duk abin da aka miƙo mana, ban taɓa ba mutum maganin maruƙa haka ba. Wannan aikin maƙiyi ne. So ake a rusa mini ƙungiya ana dab da tseren bazara."

"Wane maƙiyi?"

Ya waiga, ya rage murya. "Ba na son in ɓata mutum. Amma kin san Annemie, mai yi wa yaran tausa. Ita ke haɗa musu ruwan gora, ita ke naɗa musu abincin aljihu. Na faɗa mata ƙarshen kakar nan za mu rabu, ba ta ji daɗi ba. Kuma ke da kanki kika taɓa kama ta a kan iyaka da akwatin allurai."

"Allurai na wa take ɗauke da su a lokacin?"

"Ban taɓa tambaya ba," in ji Gust, ya yi murmushi.

A mota ta kira Staf, abokin aikinta a hukumar da ke gwajin 'yan wasa, ta tambaye shi ko suna da wani abu a kan Wannes. Ya ce akwai. Kwanakin baya wata mata ta bugo waya, ta ƙi faɗin sunanta, ta ce su je su gwada Wannes Dierick za su sami abu. Sun sa shi a layi. Ma'aikatansu kaɗan ne, 'yan wasa kuwa ga su nan burjik, layin bai iso kansa ba.

Mace ke nan, wadda ta san akwai magani a jikinsa tun bai faɗi ba.

* * *

Ta sami Annemie a bayan gidanta tana shanya tawul a rumfa. Mace ce gajera mai damatsa kamar na ɗan dambe, sigari a gefen baki.

"Na san Gust zai turo ki," in ji ta, ba ta ko juyo ba. "Wancan karon ma ni na kwana a hannun 'yan sanda, shi ya hau dandali ya karɓi furanni. Shiga ki duba. Gorunan yaron suna cikin kwando, ban wanke ba, na san za a nema."

"Kin kira hukumar gwaji?"

Annemie ta cire sigarin ta dube ta sosai. "Ni? In zan tona asiri, Gust zan tona, ba yaron da nake murza wa ƙafa tun yana ɗan tsurut ba. Kuma da maganin maruƙa? Ki ba ni girmana mana, Sufeto. Na san aikina, ko mai kyau ko marar kyau."

"To tona Gust ɗin. Ga ni."

Ta mayar da sigarin baki. "Ina da jika a makarantar garin nan. Kina so a daina yi masa magana?"

Leontien ta kwashi gorunan don a auna, ko da yake ta riga ta san ba za a sami komai ba, haka kuwa aka yi. Tana fita Annemie ta ce, kamar da tawul take magana, "Makon jiya na je gidansu yi masa tausa, na tarar da akwatin matarsa a bakin ƙofa. Ana jin ihunsu daga titi. Ban ce komai ba fa."

"Ba ki ce ba," in ji Leontien.

* * *

Gidan su Dierick tsohon gidan gona ne mai tsawo. Uwar Wannes, Godelieve, tana zaune a ɓangare ɗaya, shi da matarsa Saartje a ɗaya, bango ne kawai tsakaninsu. Garken da ke tsakar gida fayau yake, an daɗe da sayar da shanun. Matan biyu sun dawo daga asibiti ke nan, har yanzu Wannes bai farka ba.

Godelieve ce ta buɗe ƙofa, doguwar mace mai furfura, siririya. Ta sa wa baƙuwar kujera kusa da murhu, ta zuba mata miya ba tare da ta tambaye ta ko tana so ba. A kan kabad akwai hoton wani ɗan tsere mai gashin baki, launin hoton ya koɗe.

"Mijina, Pol," in ji ta, da ta ga inda idon Sufeto ya tsaya. "Wannes yana rarrafe ya rasu. A barci. Suka ce zuciya."

Leontien ta gyaɗa kai. Ta san irin wannan barcin, ta san shekarun da aka yi ta binne samari masu ƙirjin doki ana cewa zuciya. Ta nemi ta ga Saartje ita kaɗai, tsohuwar ta fita ba musu.

Saartje malamar makarantar yara ce, cikinta ya fito sosai, idanunta sun kumbura.

"An ce kin haɗa kaya makon jiya."

"Garin nan! Ko tari ka yi sai an kai labari. E, na haɗa. Na kai ƙofa na dawo."

"Me ya haɗa ku?"

"Abin da ke haɗa kowace matar ɗan tsere da mijinta. Yana auna shinkafa a sikeli kafin ya ci. In na yi atishawa sai ya koma wani ɗaki ya kwana. Ranar da aka duba cikin nan yana kan wani dutse a Sifen. Na ce masa ni keken na aura ko mutum?"

"Kina so ya bar tseren?"

"Wace mace ce ba ta so?" Sai ta gane inda tambayar ta dosa, ta miƙe tsaye da ƙyar. "Kina nufin ni na sa wa uban ɗana guba? Ki fito fili ki faɗa!"

"Ke kike dafa masa abinci."

"Ni nake dafawa, tare muke ci, a kwano ɗaya wani lokacin. Ki auna nawa jinin."

"Akwai wani abin da yake sha da kika sani? Ba na maruƙa ba. Wani abin."

A nan Saartje ta kawar da kai, ta kama goge teburin da ba shi da datti. "Ban san komai ba," in ji ta.

Ƙarya take yi, Leontien ta gani ƙarara. Sai dai ba ta san a kan wace tambaya ba.

* * *

Kwanaki suka shuɗe ba a ci gaba ba. An binciki ɗakin girkin Saartje, ba komai. An bi sawun wayar, ta ƙare a wani shagon jarida na tashar jirgi inda kowa ke ara. Jaridu sun riga sun yanke hukunci, wasu sun ce yaron ɓarawo ne irin na dā, wasu sun ce matarsa ce. Wani ya jefi tagar ajin Saartje da ƙwai.

Leontien ta je ta sami Staf a rumfar soyayyen dankali da ke kusa da ofishinsu. Tsaye suka ci, cikin iska, kowa da ƙunshin takardarsa.

"Kai ka ɗauki wayar?"

"Ni ne. Na faɗa miki ai, mace ce, ta toshe baki da wani abu, ba ka ce yarinya ce ko babba ba."

"Faɗa mini yadda ta faɗa. Daga gaisuwa."

"Ba ta gaishe ni ba. Ta ce, ku je ku gwada Wannes Dierick na Zavelbeke, kada ku daɗe. Na ce wa ke magana, ta ce ba ruwanka. Na ce me ya sha, ta ce za ku gani." Ya lashe yatsa. "Irin wannan kullum muna samu, Leontien. Tsohuwar budurwa, matar abokin hamayya, maƙwabcin da aka taka wa fure."

"Shi ke nan ta kashe?"

"Shi ke nan. Au, har da koya mana aiki." Ya yi 'yar dariya. "Na ɗauka ta ajiye, sai na ji ta ce, in jini za ku ɗiba ku kwantar da shi tukuna, kada ku bari ya kalla, suma yake in ya ga allura. Na ce to, ranki ya daɗe, za mu zo masa da alewa."

Leontien ta daina tauna.

"Me ya sa ba ka faɗa mini wannan ba?"

"Mene ne a ciki?"

Ta miƙa masa sauran dankalinta ta nufi mota. A hanya ta tsaya a asibiti ta nemi a nuna mata hannuwan Wannes. Ya fara motsi, an ce gobe ko jibi zai buɗe ido. A lanƙwasar gwiwar hannunsa, ban da inda ma'aikatan jinya suka huda, akwai tsofaffin tabo ƙanana jere, irin na mutumin da allura ta zame masa abokiyar zama.

* * *

Washegari da hantsi ta tara su a ɗakin girkin Godelieve. Gust ya zo da kwalin cakulan, Annemie ta tsaya jikin ƙofa ta ƙi zama, Saartje ta zauna ta rungume cikinta. Godelieve ta zuba wa kowa kofi, sa'an nan ta zauna a ƙarshen tebur.

"Ba zan ɓata muku lokaci ba," in ji Leontien. "Wanda ya sa wa Wannes maganin nan ba kisa ya nufa ba. So yake a gwada shi a kama shi. Shi ya sa wata mata ta kira hukumar gwaji tun kafin ya faɗi. Tambaya ɗaya gare ni. In ya farka za a riƙa ɗibar jininsa kullum. Yana tsoron allura?"

Gust ya tuntsire da dariya. "Wannes? Ɗan tsere? Wata ba ya wucewa ba a huda shi ba."

"Hira yake yi ana ɗiba," in ji Annemie. "Shi yake nuna musu jijiyar da ta fi kyau."

Saartje ta dube ta da mamaki. "Wane irin tsoro? Ni nake rufe ido, yana yi mini dariya."

Leontien ta juya ga ƙarshen teburin. Godelieve tana kallon kofinta.

"Matar da ta yi wayar ta roƙi a kwantar da shi kafin a ɗibi jini, kada ya kalla, wai suma yake. Maƙiyi ba ya roƙon haka. Kuma duk wanda ya san Wannes yana babba ya san ba ya suma. Wadda ta faɗi haka, tun yana yaro ta san shi, kuma har yau yaron take gani."

Godelieve ta ture kofin a hankali.

"Ranar rigakafi a makaranta sai an kira ni," in ji ta. "A cinyata yake farfaɗowa. Ban san ya daina ba. Ba ya faɗa mini irin waɗannan abubuwan yanzu."

"Mama?" in ji Saartje.

"A wainar shinkafar da nake gasa masa na sa. Na san ke ba kya ci, tun da kika sami cikin nan ko ƙamshinta ba kya so. Kwalbar tana garke tun zamanin shanu." Ta ɗago ta dubi Sufeto. "Ɗigo kaɗan na fara sawa. Na yi waya, na zauna a taga ina jiran motarsu. Ba su zo ba. Na ji tsoro kada ya fita daga jikinsa, na ƙara. Ba su zo ba, na sake ƙarawa. Maruƙa na sani, ban san awon mutum ba."

"Kin kusa kashe shi!" Gust ya buga tebur. "Ɗanki, Godelieve! Don me?"

"Kai kake tambayata?" Ba ta ɗaga murya ba. "Tare kuke ɗaki da Pol a kowane tsere. Ka san allurar da kuke yi mai sa jini ya yi kauri. Ka san agogon da kuke sawa ya tashe ku cikin dare ku hau keken motsa jiki na cikin ɗaki, don kada zuciya ta tsaya kuna barci. Na saba da ƙarar keken nan kamar kukan jariri. Wata rana agogo ya yi ta bugawa, Pol bai tashi ba. Kai ka ɗauki gawarsa ta gaba-gaba, kana kuka." Ta nuna bangon da ya raba ɗakinta da na ɗanta. "Tun farkon hunturun nan nake jin ƙarar ta nan. Agogo, sa'an nan keke. Na yi masa magana, ya sumbace ni a goshi ya ce Mama zamani ya canza. Na san abin da kuke ba shi gwaji ba ya kamawa, kullum kuna gaba da su. Sai na ce bari in ba shi wanda ko makaho zai gani. A kore shi, a zage shi, a cire hotonsa daga shagon burodi, amma ya ga ɗansa ya yi tafiya."

Annemie ta juya fuskarta ga ƙofa. Gust kuwa ya jingina da kujera, Leontien tana kallon yadda fushinsa yake narkewa yana komawa lissafi.

"Maganar agogo tatsuniyar tsohuwa ce mai baƙin ciki," in ji shi. "Amma kun ji da kunnenku, yaron bai san an ba shi ba. Ke nan ba shi da laifi. Lauyanmu zai wanke shi tas. In zuciyar ta warware, kafin bazara ta ƙare yana kan keke." Ya miƙe yana gyara riga. "Na gode, Leontien. Yau kam kin yi mini aiki."

Gaskiya ya faɗa, abin da ya fi ci mata rai ke nan. Jinin da asibiti ya ɗiba ba ya zama hujja kan abin da Gust yake ba shi a gaban hukumar wasanni, ruwan da aka yi ta ƙara masa kuma ya riga ya wanke sauran. Ta gano mai laifi, ta mayar da yaron hannun Gust.

"Ɗauko rigar sanyinki, Madam Dierick," in ji ta a hankali.

* * *

Ta zaunar da tsohuwar a kujerar baya, ba ta sa mata ankwa ba. Tana shirin tayar da mota aka ƙwanƙwasa gilashi. Saartje ce, ba ko mayafi, yayyafi na jiƙa mata gashi.

"Ya ce mini atisaye ne," in ji ta da Leontien ta sauke gilashin. "Ya ce duk manyan 'yan tsere suna tashi cikin dare. Ni nake saita masa agogon." Ta share ruwan da ke fuskarta. "Akwai wani gareji a bayan wurin wankin motoci, a hanyar Ronse. Na sha kai shi can in ya gaji da tuƙi. Ina jira a mota, ya fito da auduga a hannu. Sau ɗaya na leƙa. Akwai firji, akwai gado, akwai wani mutum da suke kira likita."

"Kin san abin da zai biyo baya in kika maimaita wannan a ofis? Shi ma ba zai tsira ba."

"Na sani. Buɗe mini ƙofa."

Ta shiga ta zauna kusa da surukarta. Leontien ta tayar da mota suka nufi gari.

A firjin garejin an sami jakunkunan jini da allurai. Aka kama Gust da mutumin da ake kira likita, ƙungiyar ta watse, 'yan tserenta suka bazu cikin wasu ƙungiyoyi, waɗansu Leontien ta san za ta sake haɗuwa da su. Wannes ya warke. An wanke shi daga maganin maruƙa, aka dakatar da shi shekaru a kan abin da ke firji. A Zavelbeke mutane suka daina gaisa da matan gidan Dierick, mai burodi yana miƙa musu canji ba ya ɗago kai.

Kotu ta yi wa Godelieve ɗaurin talala. Ranar da aka yanke hukuncin Leontien ta same ta a matakalar kotu ita kaɗai, tana ɗaura ɗankwali.

"Wannes bai zo ba?"

"Ba zai zo ba. Sun koma gari, yana aiki a wani shagon gyaran kekuna. Saartje tana kawo mini jaririyar ran Lahadi. Shi yana ajiye su a bakin hanya ya zauna a mota, ko gidan ba ya kallo."

"Wataƙila in an kwana biyu ya huce."

"Wataƙila." Godelieve ta ƙulle ɗankwalin a ƙarƙashin haɓa, ta duba ko motar hayar ƙauyensu ta iso. "In bai huce ba ma, ya yi ta fushinsa har ya yi furfura. Ta taga ina hango shi, Sufeto. Ya yi ƙiba."